AMSAR WASIƘUNKU: Ko Kamfani Zai Iya Mallake Dabarar Da Muka Gada?

 A wannan mako mun haɗa wasiƙu biyu ne, domin amsarsu guda ce.

Ta farko daga wani manomin wake a Kebbe. Ya ce ya ji an ce a ƙasashen waje kamfani kan yi wa dabara rajista ta zama tasa shi kaɗai. To idan wani ya yi wa feshin 'ya'yan dogon yaro rajista, za a hana mu ke nan? Ta biyu kuwa daga wani ɗan kasuwa a Tambuwal, mai sayar da wayoyin hannu. Shi kuma so yake ya san dalilin da kamfanonin kwamfuta ke yawan kai juna kotu a kan manhaja.

To malamai, mun gode. Abin da kuke magana a kai shi ne takardar haƙƙin ƙirƙira. Wato idan mutum ya ƙago wani sabon abu, ko sabuwar hanyar yin wani aiki, sai hukuma ta ba shi takarda cewa ba mai yin irinsa don sayarwa sai da izininsa. A Nijeriya dokar 1970 ce ke kula da wannan, kuma takardar ba ta wuce shekara 20. Amma akwai sharaɗi babba: dole abin ya zama sabo. Dokar ta ce duk abin da jama'a suka riga suka sani, a ko'ina ne, ta rubutu ko ta baki ko ta aiki da shi, to ba sabo ba ne.

Ku ɗauke shi kamar rikicin gona. Mutum ya zo da takarda ya ce fadamar nan tasa ce, alhali tun kakanni mutanen gari ke noma ta. Me alƙali zai nema? Shaida. To haka abin yake a nan.

Bari mu fara da dogon yaro ɗin, tunda an taɓa yin shari'a a kansa. Asalin itacen daga wajajen Indiya yake, zamanin Turawa aka kawo mana shi. A 1994 ofishin rajistar ƙirƙira na Turai ya ba wani kamfanin Amurka mai suna W.R. Grace, tare da ma'aikatar gona ta Amurka, takarda a kan amfani da man 'ya'yan dogon yaro wajen kashe fumfunar da ke lalata shuka. Sai wata 'yar Indiya, Vandana Shiva, da wasu ƙungiyoyi suka ce ba su yarda ba, domin manomansu sun daɗe suna yin haka. Wani mai masana'anta daga Indiya ya ba da shaidar cewa ya yi gwajin irin wannan mai a gonaki shekaru kafin a nemi takardar. A 2000 aka soke ta. Aka ɗaukaka ƙara, a 2005 aka tabbatar da sokewar. Ku duba fa, shekara fiye da 10 ana fama a kan abin da kowace tsohuwa a ƙauye ta sani.

Haka aka yi da kurkum, wato gangamau. A 1995 aka ba wasu masu bincike a Amurka takarda a kan sa shi a rauni. Hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta fito da tsofaffin littattafai da wata maƙalar likitoci ta 1953, sai aka soke takardar a 1997.

Yanzu sai mu koma ga malam na Tambuwal. Manhaja ba wani abu ba ne illa jerin umarni da ake rubuta wa na'ura: in an taɓa nan, yi kaza. Akwai masu rubuta tasu su kulle, akwai kuma masu sakinta a fili kowa ya karanta, ya gyara, ya ƙara, kamar aikin gayya. Linux, wadda wani ɗalibi ɗan Finlan, Linus Torvalds, ya faro a 1991, irin wannan ce, kuma a kanta aka gina Android ɗin da ke cikin yawancin wayoyin da kake sayarwa.

Ga misalin irin shari'ar da kake ji. A 1998 aka ba da takarda a Amurka, wadda kamfanin Eolas ya riƙe, a kan dabarar da ke sa ƙananan manhajoji su yi aiki a cikin shafin intanet. Ya kai Microsoft ƙara, a 2003 aka yanke masa dala miliyan 521, daga baya suka sasanta. Sannan ya waiwayi Google da Amazon da wasu. Amma a 2012 aka nuna wa kotu a jihar Texas cewa wani ɗalibi, Pei-Yuan Wei, ya riga ya yi irin wannan a manhajarsa ta Viola kafin a nemi takardar a 1994. Har Tim Berners-Lee, wanda ya ƙago shafukan intanet, ya zo ya ba da shaida. Nan da'awar ta rushe. Ashe wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, muddin akwai wanda ya ga kwanciyarsa.

To ina amsarku? Malam na Kebbe, ka ci gaba da daka 'ya'yan dogon yaronka, ka jiƙa, ka tace, ka fesa. Ka ci gaba da zuba toka da barkono a wake. Takardar da aka bayar a Turai ko Amurka ba ta da ƙarfi a gonarka, domin kowace ƙasa da tata rajistar. Kuma dokarmu ta 1970 ba ta ba da irin wannan takarda a kan irin shuka ko na dabba. Sababbin irin da masana ke fitarwa wata doka ce daban, ta 2021, ke kula da su.

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Ofishin rajistarmu na Abuja cikar takardu yake dubawa, ba ya zurfafa binciken ko abu sabo ne. Wanda bai yarda ba, shi zai tafi Babbar Kotun Tarayya da shaidarsa. Mu kuwa yawancin saninmu a ka yake, tsoho ya rasu ya tafi da shi.

Saboda haka shawarata ita ce, ƙungiyoyin manoma na Kebbe da Kuchi da Jabo da Dogon Daji su sami littafi. A zauna da dattawa a rubuta dabarun adana hatsi da maganin ƙwari, da boko ko da ajami, a sa kwanan wata, hakimi da malamin gona su sa hannu, a kuma ajiye kwafi inda jama'a za su iya gani.

Amma in kai maƙeri ne, ka ƙago injin sussuka da ba a taɓa yin irinsa ba, to kai akasin haka za ka yi. Kada ka baje shi a kasuwa tukuna, domin da hannunka za ka mai da shi abin da aka riga aka sani. Ka fara neman rajista. Hukumar NOTAP a Abuja tana taimaka wa masu ƙirƙira a kan haka.

 A ci gaba da aiko da wasiƙu. Allah ya ba mu damina mai albarka da kasuwa mai riba.