Makanikan da Ke Sa Injin Dizal a Motar Ƙwanji

A garejojin Amurka akwai wasu makanikai da aikinsu ke haddasa cacar baki tsakanin masu son tsofaffin motoci. Za su samo mota irin Dodge Charger ta 1969 ko Chevrolet Chevelle ta 1970, motocin da aka ƙera don gudu da ruri a kan fetur, su tuge injinta, su zura mata injin dizal na akori-kura mai jan kaya. Wasu na ganin ɓarna ce tsagwaronta. Ni kuwa sana'a nake gani mai wuyar gaske, kuma wuyar tata ba ta inda ɗan kallo yake zato. Ɗaga inji da sarƙa a sauke shi cikin mota, yaran gareji ma sa iya a wuni guda. Abin da ke cin watanni shi ne shawo kan sauran sassan motar su yarda da baƙon da aka kawo musu.

Su waɗannan motocin ƙwanji zamaninsu bai yi tsawo ba. Galibi ana ɗaukar Pontiac GTO ta 1964 a matsayin wadda ta buɗe fagen: a ɗauko ƙaton inji mai silinda takwas a cusa a matsakaiciyar mota, a sayar a farashin da saurayi mai albashi zai iya. A 1970 abin ya kai maƙura, inda Chevelle SS 454 ke da ƙarfin doki 450, injin Hemi na kamfanin Chrysler kuma 425. Daga nan kuɗin inshora ya hau, dokar tsabtace iska ta 1970 ta matse kamfanoni, sai takunkumin man fetur na 1973 ya ƙarasa su. An bar ɗimbin gangar jikin motoci a rumbunan gonaki da filayen gwangwan, da yawa ba inji. Waɗannan ne jarin mai wannan sana'a.

Injin da aka fi nema shi ne Cummins mai lita 5.9, silinda shida a jere, bawul goma sha biyu. Asalinsa na taraktoci ne da motocin aikin gini da matsakaitan motocin dako, sai a 1989 Dodge ya fara sa shi a akori-kurarsa ta Ram. Kuma in an bi salsala, shi kansa wanda ya kafa kamfanin Cummins ne ya fara wannan ɗabi'a. A watan Janairun 1930, Clessie Cummins ya sa injin dizal a wata ƙatuwar mota ƙirar Packard, ya tuƙo ta daga Indiyanafolis har Niyok da man dala ɗaya da santi 38, don ya nuna wa duniya dizal ba na jirgin ruwa ne kaɗai ba. Shekara ta zagayo, motarsa ta shiga tseren mil 500 na Indiyanafolis, ta gama ba ta tsaya shan mai ko sau ɗaya ba, ta zo ta 13. Saboda haka masu cewa makanikan yau sun zo da baƙon abu ba su san tarihin ba.

Amma fa a faɗi gaskiya, injin Ram na 1989 ƙarfin doki 160 kawai yake bayarwa. Wato in ka cire inji mai 450 ka sa shi yadda ya fito daga kamfani, ka rage wa motar ƙarfi ne ba kaɗan ba. To me ake nema? Abu na farko, shi dizal tun yana ƙasa-ƙasa yake sakin ƙarfin jansa, ba sai an taka totur ya yi kururuwa ba. Na biyu, an gina shi da ƙarfe mai kauri fiye da bukatarsa, don haka yana ɗaukar ƙari. Samfurin 1994 zuwa 1998 yana da famfon mai na Bosch P7100, wanda ba ruwansa da kwamfuta. Gwani zai buɗe famfon, ya sauya farantin da ke ƙayyade yawan man da ke shiga, ya canza sifirin ɗin da ke hana injin wuce iyakar juyawarsa, ya sa manyan nozul da babban turbo, sai ga ƙarfin ya ninka, hanjin injin kuwa ba a taɓa ba. Ga tsimin mai, ga daɗewa. Wanda ya taɓa ciyar da tsohon V8 mai kafireto ya san darajar wannan.

Aikin yana farawa ne da awo, tun inji bai iso ba. Tsawon wannan inji ya kai wajen mita ɗaya, tsayinsa ma ya kusa haka, nauyinsa kuwa ya doshi rabin tan, alhali babban V8 na fetur bai wuce kilo ɗari uku da 'yan kai ba. Mai sana'ar zai kwanta ƙarƙashin motar da tef da alli. Kwanon baƙin mai zai ci karo da ƙarfen da ya gitta shasi, ko dai a yanke kwanon a sake waldarsa, ko a sauke ƙarfen. Bayan injin zai tokari bangon da ya raba shi da mazaunin direba, a yanka bangon a tura shi baya. Kansa zai hana bonet rufuwa. A nan ake gane wanda ya iya da wanda ke koyo: mai gaggawa zai huda bonet ya bar ƙarfe a waje, gwani kuwa zai yi ta neman santimita ɗaya nan, biyu can, yana yanka kwali yana gwadawa kafin ya taɓa farantin ƙarfe, har bonet ya rufu ruf kamar ba a yi komai ba. Kuma duk santimitar da ya iya tura injin baya, riba ce a kan kwana, domin mota mai nauyin goshi ba ta jin maganar sitiyari.

Sai batun shasi, wanda a ganina nan ne amanar aikin take. Chevelle tana da shasi daban da bodi, ana iya yi masa ƙarin ƙarfe a rufe shi. Charger kuwa bodinta ne shasinta, gaba da baya ba wani dogon ƙarfe da ya haɗa su. In aka sa mata inji mai wannan ƙarfin murɗawa ba a ɗaure ta ba, jikinta zai riƙa karkacewa a duk tashi, ƙofa ta daina rufuwa daidai, walda ta fara tsagewa a ɓoye. Dole a haɗe gaba da baya da ƙarfe, a canza sifirin da shoka na gaba, a sa aksul na baya mai ƙwari irin Dana 60 ko Ford mai inci tara. Duk wannan mai mota ba ya gani, 'yan kallo a wajen baje-koli ba sa tafa masa, amma rai a kansa yake.

Giya ma da nata rikicin. Injin fetur na wancan zamani yana juyawa dubu biyar zuwa shida a minti, shi kuwa Cummins yana isa wajen dubu biyu da ɗari biyar sai ya ce nan ya tsaya. In aka bar lissafin haƙoran aksul na asali, motar za ta fizga da ƙarfi, amma kafin a je ko'ina numfashinta ya ƙare. Sai an sa giyabos mai giyar tafiyar nesa, irin NV4500 mai giya biyar, an kuma sauya haƙoran baya. Birki kuma ya zo da tasa: a motar fetur, zuƙar iskar da inji ke yi ce ke tausasa birki, dizal kuwa ba ya wannan zuƙa, don haka sai an sa famfo na musamman ko a jawo ƙarfin daga famfon sitiyari. Lagireto babba, na'urar sanyaya iskar turbo a gabansa, tanki mai bututun mayar da rarar mai, batir mai ƙarfin tayar da inji a sanyin hunturu, kowanne sai an nema masa gurbi a wurin da ba a tanada ba.

Akwai wani ɗan abu da ke nuna wanda ya san injin nan ciki da bai. A gaban injin, bayan murfin haƙoran da ke juya famfo, akwai wata 'yar ƙusar ƙarfe da ba ta kai ɗan yatsa ba. Girgizar shekaru takan zaro ta, in ta faɗa tsakanin haƙora sai ta fasa gidansu, wani lokaci ta kashe injin ɗungurungum. Maganinta ɗan guntun ƙarfe ne da ake ɗaurewa a bakinta da noti. Wanda ya sauke inji a mota bai leƙa wannan ƙusa ba, kada ka ba shi motarka.

Ba kowa ke bin Cummins ba. Wasu sun fi son Duramax mai lita 6.6, wanda General Motors da Isuzu suka fitar a 2001. Shi V8 ne, gajere, ya fi dacewa da ramin da aka yi don V8, sai dai yana tafe da kwamfuta da tarin wayoyi, aikin ya koma na mai gyaran lantarki. Wasu kuma sukan ɗauko ƙaramin Cummins mai silinda huɗu daga tsofaffin motocin raba burodi, su haƙura da jijjigarsa.

Makanikanmu na Kano da Kaduna ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Wanda ya taɓa sayo inji a Ƙofar Ruwa ko Panteka ya kai gareji aka yanka masa sabon mazauni da walda, ya san ƙwaƙwalwar da aikin ke ci. Bambancin shi ne mu larura ke sa mu, su kuwa sha'awa.

Abin da ke ɓata wa sana'ar suna shi ne masu buɗe famfo da gangan don salansa ta riƙa aman baƙin hayaƙi a kan jama'a. Wannan mai ne da bai ƙone ba, hasara ce ga mai mota, cuta ce ga huhun na baya, kuma shaida ce cewa ba a daidaita mai da iska ba. Doka ma ba ta sake ba: tun 1991 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fitar da bayani cewa ba a sa injin rukunin manyan motoci a ƙaramar mota, ko da yake bibiyar ta danganta da jiha. A Kalifoniya, motocin fetur na 1975 zuwa baya ba a kai su gwajin hayaƙi na bayan shekara biyu, shi ya sa tsofaffin motoci suka fi shiga hannun masu wannan aiki.

Inda nake tare da masu ƙorafi wuri ɗaya ne. Motar da ta fito daga kamfani da Hemi, injinta na asali yana jikinta da lambarsa, ba ta cancanci a kai mata wutar yanka ba, domin irinta kaɗan aka ƙera kuma ba za a ƙara ba. Mai sana'ar da ya san ciwon kansa yakan mayar da irin wannan ciniki, ya tura mai motar ya nemo wadda tsatsa ta ci ƙasanta, wadda dama da ƙaramin inji ta zo, ko ba ta da shi sam. Irin waɗannan suna nan birjik, kuma tunda dole a sake musu ƙasa da bango, yankan da dizal ke bukata bai rage musu komai ba.