Tsadar Almajiranci da Ajin Baftisma

A Luka 14:25-33 Yesu ya ba taron da ke binsa misalin mai gina hasumiya, wanda ya kamata ya zauna ya yi lissafi kafin ya sa harsashi. Mu masu hidima, aikinmu ne mu yi wannan lissafi tare da 'yan ajin baftisma.

A Kano lissafin ba ɓoyayye ba ne. Ranar 29 ga Afrilu 2012 an kashe masu bi suna cikin sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Amma ga yawancin membobinmu na Unguwar Gano, Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, gicciyen na yau da kullum ne: kuɗin mota zuwa sujada, ƙin cin hanci a ofis, riƙe maƙwabci da ƙauna ko bayan rikici, wani lokaci kuma juya bayan dangi.

Ceto kyauta ne (Afisawa 2:8-9), amma bin Almasihu yana neman rai dukansa. In muka ɓoye wannan domin rajista ta cika, ranar tsanani za mu tarar da bencina ba kowa. Mu faɗa tun farko, sa'an nan ikkilisiya ta zama dangi ga wanda ya rasa nasa (Markus 10:29-30).