Yadda Masu Aikin Gilashi Ke Fama Da Ɗari

Duk wanda ya taɓa riƙon fitilar kananzir ya san abin da kan faru in ɗigon ruwa ya sauka a kan gilashinta sa'ad da ya yi zafi. Sai ka ji ƙas, ya tsage. Dalili kuwa shi ne, zafi ba ya ratsa gilashi da sauri. Gefen da sanyi ya taɓa yakan tsuke nan da nan, alhali sauran jikinsa yana nan a buɗe, to wannan ja-in-ja shi ke fasa shi. Saboda haka babu mai sana'ar da sanyi ke yi wa ɓarna kamar mai aikin gilashi, balle a ƙasashen da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata da watanni.

Manyan ma'aikatu ba su da wannan damuwa. Tanderun da ake narka gilashi a ciki zafinsa ya wuce digiri 1,000, ba a kuwa kashe shi dare da rana. A kudancin ƙasar Suwidin akwai wani gari, Kosta, inda aka kafa ma'aikatar gilashi tun 1742 a tsakiyar kurmi, domin samun itacen wuta. A zamanin da, in an tashi daga aiki da maraice, mutanen ƙauye da matafiya marasa masauki sukan taru a irin waɗannan ma'aikatu su ji ɗumi, su gasa kifi mai gishiri da dankali da zafin tanderu, ana hira. Har yanzu ana shirya wannan liyafa, amma domin baƙi masu yawon buɗe ido.

Wanda ke shan wuya shi ne ƙaramin mai sana'a. A Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane da yawa masu yin duwatsun wuya da ƙananan kayan ado a wani ɗan ɗaki a bayan gida. Ba su da babban tanderu. Abin aikinsu harshen wuta ne guda ɗaya, mai cin gas haɗe da iskar oksijin, suna narka sandunan gilashi a bakinsa. Wutar tana da zafi ƙwarai, amma ƙarama ce, ba ta ɗuma ɗaki. Ga shi kuwa tana fid da mugun tururi, har da wanda ake kira kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ko launi, yana kuwa kisa. Dole ne a kafa fanka bisa teburin aiki mai zuƙe tururin ta fitar waje. To duk iskar da fanka ta fitar, sai wata ta shigo ta maye gurbinta, ita kuwa daga cikin ƙanƙara take fitowa. Watau mutum yana sayen ɗumi da kuɗinsa, fanka tana zubar masa a waje.

Kuskuren da sabon shiga kan yi shi ne ya kashe fanka ya toshe taga, wai don na ɗan lokaci ne. Alamar farko ciwon kai ne da jiri da kasala. Mutum sai ya ɗauka gajiyar aiki ce, ya ci gaba da zama.

Waɗanda suka daɗe a sana'ar sun daina ƙoƙarin ɗuma iskar ɗaki gaba ɗaya. Abu na fari, sukan yi wa iskar waje ƙofarta dabam, bututu ko ƙaramar kafa dab da teburin aiki, domin ta shigo ta kwashi tururi ta bi fanka ta fita, ba sai ta ratsa ɗakin ta bi ta ƙafafun mai aiki ba. A ganina wannan ita ce dabarar da ta fi duka, gama ba ta cin komai sai kuɗin bututu. Sa'an nan sukan sa irin na'urar lantarki mai jan ƙarfe wadda ke haska zafi a jikin mutum, kamar yadda hantsi ke yi maka ko da iska tana kaɗawa. Irin wannan zafi fanka ba ta iya ɗauke shi. Sauran kuwa sananne ne: a lulluɓe bango da rufi da abin tare sanyi, a shimfiɗa katako ko roba ƙarƙashin ƙafa, a sa tufafi bisa tufafi, na auduga ko ulu, ban da nailan, domin shi in tartsatsi ya taɓa shi narkewa yake yi ya manne a fata.

Akwai kuma haɗarin da ba kowa ke tunawa da shi ba. In akwai murhun itace a ɗakin, fanka mai ƙarfi tana iya jawo hayaƙinsa ya komo ciki ta bututun da ya kamata ya fita. Tukunyar gas kuwa a waje ake barinta komai sanyi, domin wannan gas ya fi iska nauyi, in ya zurara sai ya kwanta a ƙasa yana jiran wuta.

Shi ma gilashin sai an lallaɓa shi. Sandar da ta kwana cikin sanyi, in aka cusa ta a wuta kai tsaye, tartsatsi take yi, gutsattsarin su watsu har fuska. Don haka sukan jera sanduna a kan ƙaramin tanderun lantarki su sha ɗumi tukuna. Abin da aka gama ƙerawa kuma ba a ajiye shi a fili. Cikin tanderun nan ake sa shi, a wajen digiri 500, ya jima, sa'an nan a riƙa rage zafin sannu a hankali cikin sa'o'i. In ba a yi haka ba, dutse yana iya fitowa lafiya lau, bayan mako ya rabe biyu a wuyan mai saye, sunan mai sana'a ya ɓaci. Masu aikin gargajiya a ƙasashe da dama toka mai ɗumi suke binne kayansu a ciki saboda wannan dalili.

Mu ma muna da masu wannan sana'a, watau Masaga na Bida, masu narka kwalabe da wutar itace da zuga-zugi su yi duwatsun wuya da awarwaro. Sanyinmu bai kai na Suwidin ba ko kusa. Amma tururin nan da Bature ke kafa fanka dominsa, shi ne dai ke tashi daga kaskon gawayin da muke shiga da shi ɗaki a daren hunturu, mu ja ƙofa, mu cusa tsumma a taga, yara suna kwance. In ɗari ya matsa, a ɗuma ɗakin ƙofa tana buɗe, sa'an nan a fid da kaskon waje kafin a kwanta, a ƙara bargo. Wanda kuma aka tarar yana jiri ko amai a ɗakin da aka kwana da garwashi, a fito da shi fili nan take, a kai shi asibiti ko da ya ce ya ji sauƙi.