Gwamen ƙafar yara: rana kaɗai ba ta isa ba

A gari irin Ɗan Gulbi, cikin gundumar Dakwaro ta jihar Maraɗi, inda rana ke ƙuna tun hantsi har la'asar, da wuya mutum ya yarda cewa yaro zai rasa abin da rana ke bayarwa kyauta. Amma gwame da lanƙwashewar ƙafa, da akan ɗora wa gado ko saurin tafiya, sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne, wanda likitoci ke kira rashitisim.

Ƙashin yaro yana buƙatar abu biyu: sinadarin kalsiyom, wanda shi ne tubalin ginin, da bitamin D, wanda ke taimaka wa hanji ya tsotse shi daga abinci. Fata ce ke haɗa bitamin D idan rana ta taɓa ta, kuma baƙar fata ta fi buƙatar lokaci. Nonon uwa, duk da albarkarsa, kaɗan yake ɗauke da shi.

A arewacin ƙasar Sin, inda hunturu ke da tsawo, akan tsare jarirai cikin ɗaki a naɗe da tufafi. Shi ya sa likitocin can suke ba da shawarar a riƙa ɗiga musu awo 400 na bitamin D kullum tun kwanakin farko. Masanan duniya sun amince da wannan awo a 2016, ga kowane jariri har ya cika shekara. Wannan ya shafi gidajen attajirai da ma'aikata: matar da ba ta fita rana takan haifi ɗa mai ƙarancin bitamin ɗin, kuma hasken da ya ratso gilashin taga ba ya haɗa shi.

Sai dai a ƙasashenmu akwai wani dalili na biyu. A 1999, Dakta Tom Thacher da abokan aikinsa sun bayyana binciken da suka yi a Jos ta Najeriya kan yara 123 masu wannan ciwo. Waɗanda aka ba kalsiyom, shi kaɗai ko tare da bitamin D, sun fi warkewa bisa ga waɗanda aka ba bitamin D zalla. Ke nan rana suna samu, nono ne babu a abincinsu.

A nan ne darasin yake ga Dakwaro, ƙasar noma da kiwo. Hatsi ba shi da kalsiyom sosai, dusarsa ma tana rage tsotsarsa. Da rani, in shanu sun yi nisa, nono ya yi tsada, yaron da aka yaye yakan koma kunu da fura da ruwa. Masana sun ce yaron da bai samu miligiram 300 a yini ba yana cikin haɗari. Kindirmo, cuku, miyar kuka, zogale da ƙananan kifi da aka daka da ƙayarsu suna cike wannan giɓi.

Alamomin da za a lura da su: kumburin wuyan hannu, jinkirin rufewar maɗiga, jinkirin tafiya da ciwon ƙafa. Ga ɗiya mace abin ya fi muni, domin ƙugun da ya tsuke tun ƙuruciya yana iya jawo doguwar naƙuda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: maigidan da ya ga haka, sai ya kai yaro likita ba tare da jinkiri ba, ya kuma ware kuɗin nono cikin cefane.