Ruɓewar Saiwa a Gandun Turare

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyinmu da yawa sun dasa itacen turare, wanda waɗansu ke kira zaiti. Asalinsa daga ƙasar Ostiraliya ne. Muna sonsa domin yana girma da sauri, yana ba mu itacen girki da sandunan rufi, in an sare shi kuma ya sake tohowa. Amma akwai wani ciwo da ke kama shi daga ƙasa, inda ido ba ya gani. Kafin ganye ya nuna alama, saiwa ta riga ta ruɓe, wahalar shekara biyar ko shida ta tafi a banza.

Abin da ke kawo ciwon

Waɗansu ƙwayoyi ne dangin funfuna da naman kaza. Iri biyu suka fi damunmu.

Na fari yana zaune cikin tsohon kututture. Idan muka share daji muka bar kututtura a ƙasa, mun bar masa abinci. Saiwar turare tana yaɗuwa, ranar da ta taɓa ruɓaɓɓiyar saiwar kututture sai ciwon ya tsallaka. Daga nan ya bi saiwa zuwa saiwa. Shi ya sa itatuwan ba sa mutuwa warwatse. A wuri ɗaya suke mutuwa, filin yana ƙara faɗi kowace shekara.

Na biyu ruwa yake bi. Masana suna kiransa Fitoftora. Inda ruwa ke kwanciya, ƙwayoyinsa suna iyo su kama ƙananan saiwoyin da itace ke shan ruwa da su. Sai itace ya yi yaushi kamar mai jin ƙishirwa, alhali ƙasa a jiƙe take. A yammacin Ostiraliya wannan ciwo ya kashe dazuzzukan wani irin turare mai suna jara. Sai a shekarun 1960 aka gane dalili, aka kuma ga cewa laka da tsakuwa da motoci ke ɗauka su ne ke kai shi sabon wuri. Mu ma fartanya da takalmi da ƙasar leda za su iya yi mana haka.

Yadda za mu gane shi

Ganye yakan yi fari-fari, ya ƙanƙance, ya zube, rassa su bushe daga sama. Amma fari da gara ma suna kawo wannan. Saboda haka kada mu yanke hukunci sai mun tona gindi.

Idan gara ce, za mu ga an cinye ɓawon saiwa, ga ƙasar da ta lulluɓe wurin da ita. Idan ruɓewa ce, saiwa takan yi baƙi ko ruwan ƙasa, ɓawo ya saɓule a hannu. Wani lokaci mukan ga farin abu shimfiɗe tsakanin ɓawo da itace, mai warin naman kaza. Wani lokaci kuma wani abu mai tauri kamar faifai yakan fito a gindi. Maganin gara ba ya taɓa wannan ciwo, kada ƙungiya ta ɓata kuɗinta a kansa.

Abin da za mu yi

1. A wurin reno, kada mu cika ba da ruwa. Mu haɗa ƙasa da yashi, mu huda gindin leda, kada dashe ya yi cunkoso. Wanda ya ruɓe a wuya ya faɗi, a fitar da shi da ƙasarsa, kada a sake amfani da ita.

2. Kada mu dasa wanda ya daɗe a leda har saiwarsa ta nannaɗe. Irinsa ba ya kafuwa sosai.

3. Mu zaga filin da damina tun kafin shekarar dashe. Inda ruwa ke kwana, mu yi masa hanya ko mu bar wurin.

4. Mu tumɓuke kututtura da manyan saiwoyi, mu shanya su, su zama itacen girki. Aiki ne mai wuya, amma da gayya yakan yi sauƙi.

5. Wajen noma, kada fartanya ta ji wa gindi rauni. Mu yi share-wuta da kaka, domin itacen da gobara ta ƙona ba shi da ƙarfin tsayayya.

6. Idan ciwon ya riga ya shiga, itacen da ya kamu ba ya warkewa. A tone shi har saiwa a ƙone. A haƙa rami mai zurfin ƙafa 2 zuwa 3 kewaye da wurin, a zuba ƙasar ta ciki. A kankare laka daga kayan aiki kafin a matsa gaba. Kada a yi gaggawar sake dasa itace a nan.

Kowace ƙungiya ta sa mutum biyu su riƙa zaga gandu sau ɗaya a wata, musamman ƙarshen damina. In sun ga itace uku ko huɗu suna bushewa kusa da juna, su tona ɗaya, su kai saiwar wurin malamin daji tun wurin bai faɗaɗa ba.