Tarihin zaɓen depite a garuruwa huɗu na ƙasar Sanigal

Jama'a, sau da yawa ana jin dattijai suna cewa zaɓe abin ƴan birni ne, talakan ƙauye ba shi da kaso a ciki. Wannan magana tana da asali. A zamanin mulkin Faransa an yi kusan shekara ɗari ƴan birni kaɗai ke jefa ƙuri'a, su ma ba na kowane birni ba. A duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka, garuruwa huɗu ne kawai ke da izinin zaɓen depite. Dukansu a ƙasar Sanigal suke. Ga labarinsu, da yadda ƙuri'a ta fita daga birni ta iso karkara.

Mene ne depite, mece ce mazaɓa?

Depite shi ne wakilin da jama'a ke zaɓa ya zauna majalisar dokoki. A can ake yin doka, a can ake yanke maganar lampo da yadda za a kashe kuɗin ƙasa. Yankin da mutanensa ke haɗuwa su zaɓi wakili shi ake kira mazaɓa. A wancan zamani majalisar tana birnin Pari, a ƙasar Faransa. Wanda aka zaɓa sai ya shiga jirgin ruwa ya tafi can.

Garuruwan huɗu

Na farko Sanluwi, wanda mutanen ƙasar ke kira Ndar. Yana bakin kogin Sanigal, kuma shi ne tsohon mazaunin gwamna. Na biyu Gore, wani ɗan tsibiri cikin teku, wanda ya yi suna a zamanin cinikin bayi. Na uku Rufiski, garin cinikin gujiya. Na huɗu Dakar, wanda ya zama babban birnin Afirka ta Yamma ta Faransa a shekarar 1902.

An ba Sanluwi da Gore ikon zaɓen majalisar gari a 1872. Rufiski ya samu a 1880, Dakar kuma a 1887. Wanda aka haifa cikin ɗayan garuruwan nan yana iya jefa ƙuri'a, in dai namiji ne baligi. Mafi yawansu Musulmi ne, kuma ba a raba su da shari'arsu ba wajen aure da gado. A Sanluwi har kotun alƙali aka buɗe masu tun 1857.

Wanda aka haifa a bayan gari kuwa talakan mulki ne kawai. Ba ya zaɓe. Kumandan yana iya kulle shi har kwana 15 ba tare da shari'a ba. Ana iya kama shi aikin tilas, gyaran hanya ko ɗaukar kaya. Haka mutanen Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai suke a lokacin. Uwa ɗaya uba ɗaya, in an haifi wa a Dakar, ƙane kuma a ƙauye, to doka ba ta ɗauke su daidai ba.

Kujerar da ake badawa ana amshewa

A shekarar 1848 aka yi juyin mulki a Faransa. Sabuwar gwamnati ta hana bauta, ta kuma ba Sanigal kujera ɗaya a majalisa. Mazajen Sanluwi da Gore suka yi zaɓe. Wanda ya ci shi ne Duran Balantan, magajin garin Sanluwi, ɗan kasuwa, ruwa biyu ne, wato jinin Bature da baƙar fata.

Abin bai daɗe ba. A 1852 Napoleyon na uku ya soke kujerar. Aka maido ta a 1871, bayan ƴan shekaru aka sake sokewa. Sai a 1879 ta zauna da gindinta. A wannan shekara aka zaɓi Gaskoni, shi ma ruwa biyu, ya riƙe ta shekara 10. Bayansa Turawa uku suka bi juna. A 1902 wani lauya ruwa biyu ɗan Sanluwi, mai suna Karpo, ya ci zaɓe, ya zauna har 1914.

A lura da abu ɗaya. Baƙar fata su ne mafi yawan masu jefa ƙuri'a, amma tun daga 1848 har 1914, shekara 66 ke nan, ba a taɓa zaɓen baƙar fata ba. Me ya kawo haka? Dalilin bashi ne. Manyan kantocin Turawan garin Bordo su ke sayen gujiya da ƙaro, su ke bada kaya bashi, su ke ɗaukar ma'aikata. Manyan gidajen ruwa biyu su ma suna da mutanensu. In zaɓe ya zo, mai kanti ya faɗi wanda za a zaɓa. Wanda bashi ya yi ma kanta ba ya iya musu. Ana raba shinkafa da sukari da ƴan kuɗi, ƙuri'a ta tafi. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski.

Zaɓen 1914

A farkon shekarar 1914 wani ma'aikacin duwan ya komo gida bayan ya daɗe a ƙasashen waje. Sunansa Bilez Jan, a takardun Faransanci ana rubuta Blaise Diagne. An haife shi a Gore a 1872. Ya yi aiki a Dahome da Kwango da Madagaska da Giyan. Ko'ina ya je yana gardama da manyansa a kan wulaƙancin da ake yi ma baƙar fata, shi ya sa ake ta canza masa wurin aiki.

Ya komo a kan gaɓa. A lokacin wasu Turawan mulki suna neman hanyar rage haƙƙin ɗiyan garuruwan huɗu. Kabilar Lebu, masu asalin Dakar, suna kukan an amshe masu filaye. Samari masu ilimi, malaman lakkwal da akawuna, sun gaji da zama ƴan kallo. Bilez Jan ya bi unguwa unguwa yana taro. Ya ce masu ƙuri'arsu ce garkuwarsu, in sun sayar da ita ba su da sauran abin kare kai. Shi Kirista ne, amma Musulmi suka mara masa baya.

Ƴan takara sun yi yawa, Turawa da ruwa biyu suka raba ƙuri'unsu. A zagaye na farko Bilez Jan ya zo kan gaba, amma bai kai rabi ba. Aka je zagaye na biyu ranar 10 ga watan Mayu. Masu kantoci suka haɗa kai bayan wani lauya Bature, suka yi barazanar hana bashi da korar ma'aikata. Duk da haka Bilez Jan ya samu ƙuri'a 2424, Baturen ya samu 2249. Tazarar ƙuri'a 175 ce kawai. Da wannan ƴar tazara baƙar fatar Afirka na farko ya shiga majalisar Faransa.

Abin da ya samo da abin da aka biya

Wata uku bayan zaɓe, yaƙin duniya na farko ya tashi. Faransa tana bukatar soja. Bilez Jan ya ga dama ta samu. A 1915 ya sa aka yi doka cewa ɗiyan garuruwan huɗu za su yi aikin soja daidai da Faransawa. A ranar 29 ga Satumba 1916 aka yi doka ta biyu, wadda ta ce su da zuriyarsu cikakkun ƴan ƙasar Faransa ne. Daga nan ba wanda ya sake iya taɓa ƙuri'arsu.

Amma an biya kuɗin wannan doka da jini. A 1918 shugaban gwamnatin Faransa, Kilemanso, ya naɗa Bilez Jan babban mai ɗaukar soja. Ya zaga ƙasashe, aka ɗauki samari fiye da 60.000 a Afirka ta Yamma. Mafi yawansu ɗiyan manoma ne, waɗanda ba su da ƙuri'a. An yi masu alkawura, amma kaɗan daga cikinsu suka samu zama ƴan ƙasa.

Aka sake zaɓen Bilez Jan a 1919, da 1924, da 1928, da 1932. Ya kuma riƙe magajin garin Dakar. Sannu a hankali sai ya canza. A 1923 ya shirya da ƴan kasuwar Bordo, waɗanda ya yaƙa da farko. A 1930, a wani babban taro a birnin Janeba, ya tashi ya kare aikin tilas da sunan Faransa. A 1931 aka ba shi muƙamin ƙaramin minista mai kula da ƙasashen mallaka. Abokansa na farko da yawa suka juya masa baya, suka ce ya manta da mafari. Ya rasu a Faransa a watan Mayu 1934, bayan shekara 20 bisa kujera. Har yanzu ana gardama a kansa, amma ba a manta da shi ba. Babban filin jirgin saman da Sanigal ta buɗe a 2017 sunansa yake ɗauke da shi.

Galandu Juf da Lamin Gay

Wanda ya gaje shi shi ne Galandu Juf, Musulmi ɗan Sanluwi, tsohon soja. Ya taimaki Bilez Jan a 1914, daga baya suka ɓata, ya yi takara da shi a 1928 da 1932 bai ci ba. A 1934 ya kada wani lauya mai suna Lamin Gay, ya sake kada shi a 1936. A 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi, majalisa ta watse, aka daina zaɓe. Galandu Juf ya rasu a 1941.

Bayan yaƙi aka komo ga zaɓe, sai wata rigima ta taso. A 1944 an ba matan Faransa izinin jefa ƙuri'a. A farkon 1945 aka fito da takarda cewa matan garuruwan huɗu ba su ciki. Matan Dakar da Sanluwi suka yi ta taro, suka ƙi yarda, Lamin Gay ya kai kukansu Pari. Kafin tsakiyar shekara gwamnati ta janye, matan suka yi zaɓe.

Ƙuri'a ta fita bayan gari

A watan Oktoba 1945 aka yi zaɓe mai akwati biyu. Ƴan ƙasa suka zaɓi Lamin Gay. Talakawan mulki, waɗanda aka ba kaɗan daga cikinsu izini, suka zaɓi wani malamin makaranta, Lewopol Sedar Sangor. A wannan zaɓe an haɗa Nijar da Sudan ta Faransa, wato Mali ta yau, mazaɓa ɗaya, Fili Dabo Sisoko ya wakilce su.

Shekarar 1946 ta zo da manyan canje-canje. Ranar 11 ga Afrilu aka yi dokar Hufuwet Buwanyi, wadda ta hana aikin tilas. Ranar 7 ga Mayu aka yi dokar Lamin Gay, wadda ta ce duk mutanen ƙasashen mallaka ƴan ƙasa ne. Ɗan birni ne ya kawo dokar da ta kashe fifikon ƴan birni. A watan Nuwamba na wannan shekara Nijar ta samu kujerarta, aka zaɓi Jori Hamani.

Amma ba kowa ne ya samu katin zaɓe nan take ba. An fara da sarakuna, da ma'aikata, da tsofaffin soja, da ƴan kasuwa masu biyan patanti. A 1947 aka ƙara da wanda ya iya karatun Faransanci ko Larabci. A 1951 aka ƙara da magidanta masu biyan lampo, da matan da ke da ɗiya biyu. Sai a 1956 dokar da ake kira Luwa Kadar ta ba kowane baligi, mace da namiji, ƙuri'a ɗaya.

Ranar da ƙauye ya kada birni

Sangor ya gane inda lissafi ya nufa. A 1948 ya rabu da Lamin Gay ya kafa jam'iyyarsa. Lamin Gay ya dogara da Dakar da Sanluwi, inda ake girmama shi ƙwarai. Sangor kuwa ya shiga ƙauyuka, ya zauna da manoman gujiya, ya saurari kukansu a kan farashi da bashi, ya nemi goyon bayan manyan malamai. Ranar 17 ga Yuni 1951 aka yi zaɓe. Jam'iyyar Sangor ta cinye kujeru biyun Sanigal duka. Lamin Gay, magajin garin Dakar, ya faɗi. Tun daga ranar ƴan siyasa suka san cewa ba a cin zaɓe sai da mutanen karkara.

Daga baya mutanen biyu suka shirya. Da Sanigal ta samu mulkin kai a 1960, shekara ɗaya da Nijar, Sangor ya zama shugaban ƙasa, Lamin Gay ya zama shugaban majalisar dokoki.

Abin lura

Labarin nan yana nuna abu uku. Na ɗaya, yawa kaɗai ba ya isa. Baƙar fatar garuruwan huɗu sun fi yawa shekara 66, amma bashi da ƴar kyauta suka hana su zaɓen nasu. Na biyu, ƙuri'a ɗaya ba ƙaramin abu ba ce, tunda mutum 175 sun canza tarihi a 1914. Na uku, wakili yana iya canzawa bayan ya hau kujera, don haka wanda ya aiki ɗan aike bai kamata ya yi barci ba. Katin zaɓe bai iso hannun manomi a banza ba. An yi shekara 108, daga 1848 zuwa 1956, kafin ya iso.