Kada Mu Raina Tsokanar Kara a Ido

'Yan'uwa ɗalibai, lokacin girbi yawancinmu muna taya iyayenmu yankan gero da dawa, wasu kuma aikin shinkafa a Watari da Tomas. Idan kara ko ƙaiƙayi ya karce baƙin ido, ƙwayar cuta kan shiga ta haifar da gyambo. Sau da yawa funfuna ce.

Akwai kuma wata da ba kasafai ake samunta ba, sunanta Pythium. A ruwan fadama take rayuwa, kuma an fi ganinta a Indiya da Tailan. Tana kama da funfuna, amma maganin funfuna ba ya kashe ta, shi ya sa sai an yi gwaji. Likitoci kan ba da linezolid da azithromycin. Idan aka makara, sai dashen fatar baƙin ido, wani ma ya rasa idon ɗungurungum. Ko an warke, hakiya kan saura.

Saboda haka, idan ido ya yi ja, yana zogi da hawaye, ga farin ɗigo, kada mu ɗiga maganin kemis ko na gargajiya. Mu sanar da iyayenmu a garzaya Kano a ranar, kamar Asibitin Ido na ECWA. Ido ba a sayensa a kasuwa.